Filin Tambaya da Amsa: Wai me ake shimfiɗa wa hawainiya a ƙasan keji?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan makon. Saƙonnin hawainiya ne suka taru min a wannan karon, daman in damina ta yi nisa haka ake yi tunda lokacin ne ake yawan cin karo da ita a gona, sai nace bari in haɗa su wuri guda in amsa. Masu tambayar zomo da tattabaru ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni ɗalibi ne a sakandare, muna wani ƙauye kusa da Ringim. Ranar da muka je cirar ciyawa na samu hawainiya a jikin rama, abokaina suka ce a kashe ni kuma na hana na taho da ita gida. Na haɗa mata keji da katako da raga irin ta taga, na ɗebo yashi daga bakin kogi na zuba a ƙasa saboda naga zai yi kyau kuma zai shanye kashinta. Toh yanzu wani yayana mai kiwon kaji yace in kwashe yashin in zuba garin katako irin wanda ake zuba wa 'yan tsaki, a waya kuma naga turawa suna zuba ɓawon kwakwa da 'yan duwatsu. Wanne ne daidai? Sannan na ajiye mata ruwa a murfin gwangwani amma ban taɓa ganin ta sha ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka hana a kashe ta, dabba ce da bata cutar da kowa, ƙwarin gona ma take cinye muku. Amsarka kuma, babu ko ɗaya a cikin waɗanda ka lissafa. Yashin ka kwashe shi yau ɗin nan, garin katako kar ma ka fara, ɓawon kwakwa da tsakuwa kuma ka bar wa masu bidiyo. Ƙasan kejin hawainiya an fi so a barshi haka nan babu komai, abu mai santsi wanda zaka iya gogewa da tsumma, in ma dole sai ka shimfiɗa wani abu to farar takarda. Nasan zaka ce Malam ai bazai yi kyau a ido ba, eh bazai yi ba, amma tsaya kaji dalili.

Ita fa ba dabbar ƙasa bace. Ka duba ƙafarta da kyau, yatsu biyar ne amma sun manne kashi biyu, biyu a gefe ɗaya uku a ɗaya gefen kamar awartaki, don damƙe reshe aka halicce su, ga jela da take naɗewa a jikin itace ta riƙe ta. A sama take farauta, a sama take shan ruwa, a sama take kwana. Ba banza ba Bahaushe yake cewa hawainiyarka ta kiyayi ramata, a jikin rama ya saba ganinta, kaima ai can ka same ta. Ɗan tsako a kan shimfiɗarsa yake wuni yake kwana shi yasa yayanka yake zuba masa garin katako don ɗumi da shanye kashi, kuma in dai kaji ne da gaskiyarsa, amma hawainiya mai lafiya sai ta yi kwana da kwanaki bata taka ƙasan kejin ba. Kaga kenan shimfiɗar ba wani amfani zata yi mata ba sai illa, kuma babbar illar daga harshenta take farowa.

Harshen hawainiya in ta harba shi yana kai tsawon jikinta har ya wuce, a wasu ma kusan ninki biyu, cikin ƙiftawar ido yake fita ya dawo, kuma a bakinsa akwai wani yawu mai danƙo sosai wanda duk abinda ya taɓa sai ya manne. To ka saka mata fara a keji, farar nan ai bazata zauna a reshe tana jira a cinye ta ba, ƙasa zata dira, hawainiya ta saito ta daga sama ta harba, harshen ya dawo da fara da yashin da ke ƙarƙashinta gaba ɗaya, ita kuma bata da yadda zata tsince, haɗiyewa kawai take. Yau kaɗan gobe kaɗan, yashi baya narkewa a ciki, garin katako shi kumbura ma yake in ya sha ruwa, zaren ɓawon kwakwa ya cukuikuye, tsakuwa kuwa ƙwaya ɗaya ta isa. Ƙarshenta hanji ya toshe. Zaka ga ta daina kashi, ta daina cin abinci, ciki ya ɗaure tamau, tana rufe ido da rana tsaka, ƙafafun baya su saki har riƙon reshe ya gagare ta. In abin ya kai nan sau da yawa sai tiyata, kuma kaima ka san daga ƙauyenku zuwa inda za a yi wa hawainiya tiyata ba ƙaramar tafiya bace. Wani zai ce ai a daji ma akwai ƙasa. Akwai mana, amma a daji a jikin ganye take kama ƙwarinta, keji ne yake tara mata abincin a ƙasa dole.

Sai maganar ruwa, wadda da ita da ta shimfiɗar duk magana ɗaya ce ko da yake kai ka raba su. Murfin gwangwanin nan zai iya shekara a wurin bata kula shi ba, don galibinsu basa gane ruwan da ke kwance a matsayin abin sha, raɓa da ɗigon ruwan sama suke lasa a jikin ganye, sai sun ga yana ƙyalli yana motsi sannan. Saboda haka feshi zaka dinga yi wa ganyen kejin safe da yamma, minti 2 ko 3 kowane karo har ganye ya dinga ɗiga, da abin feshi sabo fil, wallahi kar ka kuskura ka ɗauki wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na ciyawa a ciki ko da sau nawa aka wanke shi. Sannan ka samu robar ruwa ka huda gindinta da allura ka ɗora a saman keji ta dinga ɗiga a hankali a kan ganye. To duk ruwan nan ina zai tafi? Ƙasa zai tafi. In yashi ne ko garin katako a wurin kullum a jiƙe yake, ga kashi ga matattun ƙwari sun nutse a ciki baka gani, ga zafin garinmu, kwana kaɗan fumfuna ta fito wari ya tashi ƙananan ƙudaje su taru. Iskar da zata dinga shaƙa kenan dare da rana, kuma hawainiya bata jure ciwon huhu sam, in kaga tana ɗaga kai sama baki a buɗe da yawu mai kumfa, ko kana jin wata 'yar ƙara in tana numfashi, to ciwo ya riga ya yi nisa.

Akwai kuma abinda mutane basa kawowa a rai, kashinta shi ne babbar hanyar da zaka san lafiyarta tunda dabba ce mai ɓoye ciwo. Irin na ƙadangare ne, baƙi-baƙi da ɗan fari a gefe, farin nan shi ne fitsarinta. In ya fito fari tas ko da ɗan ruwan ƙwai kaɗan a bakinsa, tana samun ruwa. In ya koma ruwan goro ya bushe ƙamas to ƙishirwa ce, ka ƙara feshi. In baƙin ya zo ruwa-ruwa da wari ko kaga tsutsa a ciki, wanda ba baƙon abu bane ga wadda aka kamo daga daji, sai a nemi likitan dabbobi. A kan farar takarda kallo ɗaya zaka yi da safe ka gane duk wannan, a cikin yashi kuwa babu abinda zaka gani.

Ga yadda zan so ka yi. Ka samu tire na roba ko babban faranti daidai faɗin kejin wanda zaka iya zarowa ka wanke, ko ka yanko ragowar ledar ɗaki ka shimfiɗa a kan katakon, ko tayil ɗaya ko biyu in akwai inda ake gini kusa da ku a baka ragowa. Ka ɗan karkata ƙasan ta gefe ɗaya, ka huda inda ruwan ke taruwa ka rufe hudar da raga don kar ƙwari su gudu, ka ajiye bokiti a ƙarƙashi kana zubarwa kullum saboda sauro. Katako tsirara kar ka barshi, shan ruwa zai yi ya ruɓe gara ta shigo. In zaka sa takarda, tishu mai kauri ko farar takarda ko tsohuwar jarida duk sun yi amma kullum ake canzawa fa, kuma banda takardar buhun siminti da buhun takin zamani, ragowar abinda ke jikinsu yana ƙona fata. Matsalar takarda ɗaya ce, gyare da kyankyaso suna shigewa ƙarƙashinta su ɓuya, da dare gyare ya fito ya ciji hawainiya tana barci. Don haka ka ɗaure 'yar roba mai zurfi mai santsi a jikin reshe, ƙasa kaɗan da inda ta fi zama, ka dinga zuba mata abincin a ciki, wanda bata ci ba ka kwashe kafin magariba.

In kyau kake so, a sama zaka yi shi. Ka cika kejin da rassa a gicciye masu kauri daban-daban, na gwaiba ko mangwaro da aka wanke aka shanya, da shuka mai rai a tukunya, rama ko yakuwa sun yi tunda ta san su, amma banda tumfafiya da tinya da cini-da-zugu da duk wani mai ruwa mai guba. Ƙasar cikin tukunyar kar ta zama mai takin zamani ko wadda aka yi wa feshi, kuma ka rufe samanta da duwatsu masu faɗi waɗanda kowanne ya fi kanta girma yadda harshe bazai iya ɗaukowa ba.

Su kuma turawan da ka gani, akwai masu zuba ƙasa da gaske ban ce babu ba, amma ba zubawa kawai suke ba. Hawa-hawa ne, can ƙasa akwai wurin da ruwa ke tsiyayewa da hanyar fitar da shi, sai raga, sai ƙasa mai zurfi da shuke-shuke a ciki, sai busasshen ganye ya rufe saman, sannan su zuba wasu mitsi-mitsin ƙwari da aikinsu kenan cinye kashi da fumfuna. Aikin wanda ya daɗe a harkar ne, kuma ko a cikinsu masu kiwo da yawa ƙasan kejinsu fayau yake. Sannan tasu galibi ba irin tamu bace. Akwai wajen iri 200 na hawainiya a duniya, kusan rabi a tsibirin Madagaska suke, waɗanda su turawan suka fi ajiyewa su ne mai dogon ƙoƙon kai ta Yaman da Saudiyya da kuma mai launi kala-kala ta Madagaska, kuma yawancinsu a keji aka ƙyanƙyashe su tun iyaye da kakanni, sun saba. Tamu ta nan arewa an fi samun wadda ake kira ta Afirka ko ta Sahel, da ƙaramar da ake kira ta Senegal wadda tsawonta har jela yake kai santimita 20 zuwa 30.

Kuma ɗana bari in faɗa maka gaskiya tunda ni ka tambaya. Hawainiyar da aka kamo daga daji wuyar riƙo gareta sosai. Irin ta Senegal ɗin nan an daɗe ana fitar da ita dubbai daga Togo da Jamhuriyar Benin da Gana zuwa Turai da Amurka, da takardun izini a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ma tana ciki, kuma masu sayenta a can da duk fitilunsu da magungunansu sun san da yawa basa daɗewa a hannu, saboda firgici da ƙishirwa da tsutsar ciki. Bata son a taɓa ta, bata son abokiyar zama, bata son yara su zagaye ta suna tsokana wai sai ta canza kala. Keji mai tsayi take buƙata, manyan ana basu santimita 60 faɗi, 60 zurfi, 120 tsayi, a ɗora shi a sama yadda reshenta zai fi kanka tsawo, da ranar safe mai shiga ta raga kai tsaye ba ta gilas ba, domin gilas yana tare wani sashen hasken da ake kira UVB wanda da shi jikinta yake haɗa bitamin D3 ya riƙe kalsiyam, in babu sai ƙashi ya yi laushi ƙafafu su lanƙwashe, kuma dole kullum da inuwar da zata gudu ciki don ranar tsakar Jigawa da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kashe ta zata yi a keji. Ga ƙwari masu rai kullum har da rani sanda fara ta yi wuya. In ka auna kaga zaka iya, bismillah. In kaga makaranta bazata barka ba, ka mayar da ita gonar da ka ɗauko ta da yamma, ka ɗora ta a jikin ganye ka tafi abinka, babu abin kunya a ciki. Ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, bata ciyar da ita ba kuma bata sake ta ta nemi abincinta ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwa ce daga wajen Kura. Yarona ɗan shekara 12 ya kawo hawainiya gida ya saka a tsohon akurki ya zuba mata buntun shinkafa tunda shi muke da shi birjik, ni kuma wallahi tsoro nake ji, tun muna yara ake ce mana in ta hura wa mutum iska ko ta tofa masa yawu zai kamu da ciwon fata, ga shi akurkin har ya fara wari. In sa a jefar ne ko yaya?

AMSA: Barka kadai Hajiya, ki kwantar da hankalinki, hawainiya bata da dafi, babu a yawunta babu a iskar bakinta. Hurawar nan da kumbura jiki da wangale baki da yin baƙi duk tsoro ne take ji tana so a ƙyale ta, iyakarta cizo in an matsa mata, shima a wanke da sabulu shikenan. Abin tsoron na gaskiya ba shi ake faɗa ba, kashinta ne. Ita da ƙadangare da kunkuru har ma da kaji suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da sun nuna wata alama ba, in ta shiga cikin mutum ta kawo zawo da zazzaɓi da ciwon ciki, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu juna biyu sun fi shan wuyarta. To kinga buntun nan da ya jiƙe yake wari shi ne matattarar, yaro ya sa hannu ya jujjuya, ya fito ya tsoma hannun a kwanon tuwo tare da ƙannensa.

Buntun ma ita kanta bai dace da ita ba, kaifi gareshi ga ƙura, in harshenta ya ɗauko shi baya narkewa. A kwashe shi a kai nesa da rijiya da madafa, a wanke wurin da ruwan zafi da sabulu a ɗauraye sosai a shanya a rana ya bushe ƙarau. Kar a sa Izal ko Dettol, irin magungunan nan da muke wanke banɗaki da su suna da illa ga dabbobi masu rarrafe. In kuwa an taɓa barbaɗa maganin ƙwarƙwatar kaji a akurkin to gara a haƙura da shi gaba ɗaya, daman akurki gajere ne ita kuma tsayi take so. Tsumma da bahon wankin kejin su zama nasu daban, yaro kuma ya wanke hannu da sabulu duk sanda ya taɓa ta ko kejinta, wannan ki tsaya a kai da kanki. Kejin hawainiya in ana kula da shi baya wari kwata-kwata, ba kullum ma take kashi ba.

Sannan Hajiya tunda yankinku na shinkafa ne sauro ba a magana, ki kula kar a kunna maganin sauro ko a yi feshin fiya-fiya a kusa da ita, abinda zai kashe sauro zai iya kashe ta. Farar da zai kamo mata ma kar ta zama daga gonar da aka yi wa feshi, kuma banda farar tumfafiya, wannan gubar tumfafiyar take tarawa a jikinta. Maganar jefarwa kuma, in kun ga bazaku iya ba kar a wurga ta a kwararo inda kaji da kyanwa da yaran unguwa zasu gama da ita, ki sa wani babba ya raka shi su mayar da ita inda ya samo ta. Ni dai a ganina ɗan shekara 12 bazai iya wannan riƙon shi kaɗai ba sai da babba a bayansa.

TAMBAYA: Malam ni manomi ne a wajen Gumel. Akwai hawainiya da na ajiye tun farkon damina, ƙasan kejin daɓen siminti ne babu komai, lafiya ƙalau take cin fararta. Amma kwana 3 kenan ta sauko ƙasa tana zagaye tana karce kusurwa da ƙafafunta, abinci ma ta ƙi, kuma ta yi faɗi ta gefen ciki. Ko sanyin simintin ne ya kama ta?

AMSA: Malam ba sanyi bane, ga dukkan alamu mace ce kuma ƙwai take son yi, wannan kuma abin gaggawa ne dan Allah kar ka bari ya kwana. Nan ne wuri ɗaya da ƙasa ta zama dole a kejin hawainiya. Irin tamu a rami take binne ƙwanta, in bata samu wurin tono ba sai ta yi ta riƙe shi a ciki har ƙarfinta ya ƙare ya gagara fita, kuma wannan yana kashe mata da yawa a hannun masu ajiye su. Kar kace ai babu namiji a kejin, tana iya zuwa da abinta daga daji tunda macen tana ajiye maniyyin namiji na tsawon lokaci a jikinta, kuma ko babu namiji sam tana iya yin ƙwai sai dai bazai ƙyanƙyashe ba.

Ka samu bokiti ko baho wanda ba a ganin cikinsa ta jiki, zurfinsa ya kai santimita 30 faɗinsa ma kusan haka. Ka cika shi da yashi wankakke haɗe da ƙasa rabi da rabi, wadda babu taki babu magani a cikinta. Ƙasar wajenku rairayi ce, ita zalla rushewa take yi ta danne ta a cikin ramin, don haka ka nemo mai ɗan danƙo ka gauraya, amma ba yumɓu zalla ba shi kuma tauri zai yi ta kasa tonawa. Ka yayyafa ruwa kana cuɗawa har ya zama in ka dunƙula a hannu ya tsaya amma ruwa baya ɗiga. Sai ka gwada da kanka, ka tona rami da hannu a karkace har kusan gindin bokitin, in ya tsaya bai rufta ba to ya yi, ka mayar ka ɗan danna. Ka saka bokitin a kejin ka jingina reshe daga sama zuwa cikinsa yadda zata shiga ta fita.

Daga nan aikinka haƙuri ne. Ka rufe gefen kejin da zani ko buhu mai tsabta, ka hana yara zuwa, kaima kar ka dinga leƙe, domin in tana cikin tono ta ga ido a kanta sai ta watsar da ramin ta hau sama da ƙwan a ciki, kuma duk watsarwa ƙarfi take rage mata. Tana iya tona nan ta bari ta tona can, tana iya kwana a cikin ramin, duk ba komai bane. In ta kai inda take so sai ta juyo ta zuba ƙwan, gomomi ne a zubi ɗaya, farare masu laushin ɓawo, ta mayar da ƙasa ta daddanne ta hau reshe a rame duk jikinta ƙasa. To a nan zaka bata ruwa sosai, feshi mai tsawo, sannan abinci, ka dinga barbaɗa wa farar ɗan garin ɓawon ƙwan kaza da aka dafa aka busar aka niƙa ya yi laushi, saboda ƙwan ya kwashe mata kalsiyam mai yawa. Ƙwan kuma watanni yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, kar ka tono kana jujjuyawa, ka cire bokitin ka ajiye a inuwa kana ɗan yayyafa masa ruwa kar ya bushe kar kuma ya jagwalgwale, ita ka saka mata wani.

In ka saka bokitin ta yi kwana 2 bata tona ba, tana kwance a ƙasa ido a rufe ya faɗa ciki, to ka ɗauke ta sai wajen likitan dabbobi, kuma kar kowa ya ce zai matsa mata ciki ƙwan ya fito, fasa shi za a yi a ciki.

Masu macen hawainiya duka ku ajiye irin wannan bokitin a kejin kullum ba sai kun ga alama ba, tunda ƙasar a jiƙe take a danne kuma abinci a roba yake can sama, bata zama haɗari irin na yashin da aka baza ko'ina. Gane namiji kuma, gindin jelarsa ya fi kauri, a irin ta Sahel har da ɗan tsiro a diddigen ƙafar baya. Shi in kaga ya sauko yana zagaye ƙasa, ko dai zafi ya yi masa yawa a sama, ko kejin ya yi masa kaɗan, ko mace yake nema, ko kuma ciwo ne ya hana shi riƙe reshe.

TAMBAYA: Malam kiyashi da cinnaka sun dami kejin hawainiyata suna bin matattun ƙwari, in barbaɗa garin maganin kiyashi a ƙasan? Daga Dambatta.

AMSA: A'a ƙanina, ko kusa kar ka yi. Fara zata bi ta kan garin, hawainiya ta cinye farar, ka bata guba da hannunka kenan. Ka yi wa kejin ƙafafu huɗu ka tsoma kowacce a gwangwanin ruwa da ɗan ɗigon sabulu, ka janye shi daga jikin bango ko zana ko reshen da ya taɓa shi don ta nan suke haurowa, matattun ƙwarin kuma ka dinga kwashewa kowace yamma. Hunturu na tafe, ruwan gwangwanin zai dinga ƙafewa da wuri sai kana ƙarawa, feshi ma zaka ƙara shi da rana amma na yamma ka yi shi tun la'asar don jikinta ya bushe kafin sanyin dare ya sauko, gefen da iska ke bugowa kuma ka kare shi da buhu.